Hatimin Ganyen Gyaɗa

Babana baduku ne, amma ba gadon sana'ar ya yi ba. Ɗan manoma ne daga Ruwan Bago. Tun yana yaro ƙafarsa ta hagu ta shanye, fartanya ta gagare shi, sai kakana ya kai shi Jajaye wurin wani tsohon baduku, ya ce a koya masa sana'ar zaune ko ya sami abin riƙe kansa. A zauren tsohon nan ya girma, a akushinsa ya ci tuwo, har ranar da aka yaye shi ya taho Ƙaraye ya kafa rumfarsa. Ban taɓa jin ya kama sunan mutumin ba. "Maigida" kawai yake cewa, in ma ya faɗa sai ya ɗan rage murya.

Yayen baduku a wajenmu yana da ƙa'ida. Maigida da kansa zai taka maƙera ya sa a ƙera wa wanda ya koya wa sana'a hatimi, wato ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa da aka zana wa alama a baki. In an gama ɗinka jaka ko kube ko alabe, sai a ɗan jiƙa fatar, a ɗora ƙarfen, a buga da guduma sau ɗaya. Alamar nan ita ce sa hannun mai aiki. Ta babana ƙafar zabo ce. Ta Maigida ganyen gyaɗa ce, 'yan ganye huɗu a cikin zobe. Babu takarda, babu alƙali, amma kowa ya san ba a buga hatimin wani, ko da mai shi ya daɗe da kwantawa.

Maigida bai bar ɗa namiji ba. 'Ya ɗaya ya bari, wadda muke kira Goggo, babana kuma yana ce mata Yaya. Da mijinta ya rasu sai ta koma gidan mahaifinta a Jajaye, ta ɗauko basillarsa da ƙarfensa, ta ci gaba da ɗinka kube da alabe a cikin ɗaki. Wata maƙwabciyarta ke kawo mata kayan kasuwar Ƙaraye. Ƙarfen ya sha bugu har bakinsa ya cinye, ganyen yana fitowa dushi-dushi, amma mahauta da Fulani ba su fasa nemansa ba. Da shi take ci, da shi take sayen sabulu. Tun ina makarantar allo ta san ni, ta sha ba ni ƙuli-ƙuli a gefen zane.

Ni kuwa ɗan boko ne, malamin firamare, ga mata ga 'ya'ya biyu. Na iya ɗinki, don a rumfa na tashi, Asabar da Lahadi ina taya Baba. Sai dai ina da zuciya a kusa, kuma a lokacin ina ganin duk abin da ba a rubuta a littafi ba camfi ne.

Wata shekara da kaka aka yi wa Baba aikin yanar ido a Kano. Likita ya ce ya zauna a ɗaki, ban da rana, ban da ƙura, har sai ya warke. Rumfa ta dawo hannuna a daidai lokacin da manomi ya sayar da gyaɗa yake neman abin saye. A nan na fara jin tambayar da ta riƙa ci mini rai. Mutum zai ɗauki kubenmu, ya juya, ya ja bakin ɗinkin ya ga babu inda ya motsa, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Babu mai ganyen gyaɗa?" In na ce babu, sai ya ajiye ya wuce wurin maƙwabciyar Goggo. Ɗinkinmu ya fi na Goggo ƙarfi, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Hannunta ya fara rawa. Amma ganye huɗu suna kwashe mana masu saye ina ji ina gani.

Rannan na shiga gaida Baba da hantsi. Yana zaune da baƙin tabarau, carbi a hannu. Na kawo maganar a fakaice.

"Baba, ai ku ma almajiran Maigida ne. Me zai hana mu riƙa buga ganyen gyaɗa? Sana'ar ai tasa ce kuka ɗauko."

Ya daina jan carbin. "Ba namu ba ne."

"To ai ba rajista aka yi masa ba."

"Na ce ba namu ba ne. Ƙafar zabo ce ta ciyar da kai har ka zama malam. Tashi ka tafi rumfa, rana ta yi."

Na tashi ina ƙunƙuni. Ina so in faɗi wannan a fili tun yanzu: ba rashin sani ya kai ni ba. An faɗa mini da Hausa, sau biyu.

Akwai wata gafaka da Baba ke ajiye Alƙur'aninsa a ciki, aikin Maigida ne tun ƙarfen yana sabo. Ganyen ya fito ras, har jijiyarsa ana gani. Na jira Baba ya fita bayan gida alwalar azahar, na shiga ɗakinsa sanɗa kamar ɓarawon kaza, na ɗauki hoton alamar da waya.

Maƙerin da na fara zuwa wurinsa abokin Baba ne, shi ke wasa mana wuƙaƙe. Na same shi yana gyaran lauje. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, ya tambayi iyali da 'yan makaranta. Na miƙa masa wayar. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya daɗe yana kallo.

"Ubana ne ya ƙera wannan," in ji shi. "Ina zuga masa wuta. Baban naka ne ya aiko ka?"

"Aikin rumfa ne."

"Ba ita na tambaye ka ba, Malam. Shi ya aiko ka?"

Na ce ni ba yaro ba ne da sai an aiko ni. Ya miƙo mini wayata, ya ce in ina son hatimi nawa na kaina, in zaɓi alama, zai ƙera mini kyauta, ladan abota. Ya ƙara da tsokana, wai ko alli da allo zai zana mini tunda su ne kayan aikina. Masu jiran lauje suka yi dariya. Nan zuciyata ta hau. Na ce masa shi ya sa sana'o'inmu ba sa ci gaba, mutane sun zauna suna gadin ƙarfen da ya mutu. Na ce a Kano injin zai yi mini abin da ya fi wannan kafin shi ya gama hura gawayi. Dattijo sa'an ubana na faɗa wa haka. Ya mayar da laujen cikin wuta.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Kano. Shagon da aka kwatanta mini ɗan ƙarami ne, cike da hatiman ofis da allunan ƙofa. Mai shagon bai tambaye ni ko ɗan wane ne ni ba, ni kuma a lokacin har daɗi hakan ya yi mini. Na tura masa hoton, ya buɗe a kwamfuta, ya goge datti, ya daidaita zoben da hannun maƙeri ya ɗan karkata. Ya tambaye ni tagulla ko baƙin ƙarfe, babba ko ƙarami. Na ce tagulla, kuma guda biyu, na jaka da na kube. Na je na yi sallah na ci shinkafa da wake, kafin in dawo an gama. Ya gwada mini a kan wani guntun fata. Wallahi sai da na yi murmushi. Ko gafakar Baba ba ta kai shi fitowa ba.

Ban kai su rumfa ba, don maƙwabta suna da ido. A gidana na riƙa bugawa, a bayan ɗaki. Matata ta leƙo sau ɗaya, ta kalli fatar, ta kalle ni, ta ce, "Baba ya sani?" Na ce mata ta je ta ji da tukunyarta. Mutumin da yake ganin gaskiya ce da shi ba ya ɓuya a bayan ɗaki, amma ban tsaya na yi wa kaina wannan lissafin ba.

Kasuwa uku kayan suna tashi tun kafin la'asar. Ina hango maƙwabciyar Goggo a inda take shimfiɗa buhunta, tana korar ƙuda daga kayan da babu mai taɓawa. Sai in kau da kai.

A kasuwa ta huɗu wani mahauci ya zo, babban mutum mai murya, irin wanda in ya yi raɗa ana ji a layin 'yan hatsi. Kube biyu ne a hannunsa, ɗaya nawa, ɗaya na Goggo. Ya jera su a gabana.

"Malam, raba mini gardama. Duka ganyen gyaɗa ne, amma wannan ya fito fes, wancan kamar an taka shi. Wanne ne na asali?"

Mutane sun tsaya. Da na ce duka ɗaya ne, da ƙaryar ta zo da sauƙi. Da na yi shiru ma. Amma sai na ɗaga nawa sama na ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na asali ai ba ya ɓuya. Wancan ban san inda aka samo shi ba."

Na san inda aka samo shi. Na san ɗakin, na san tabarmar, na san hannun.

Magana zarar bunu ce. Kafin a tashi kasuwa ta zaga cewa tsohuwar Jajaye kwaikwayo take yi, ƙarfen Maigida na gaskiya yana hannun babban almajirinsa a Ƙaraye. Wasu har da ƙari, wai da ma can ita mace ina ta ga hatimi. Ni ban faɗi wannan ba, amma ni na buɗe ƙofar.

Bayan kamar kwana goma wani Bafulatani, tsohon mai sayen kayanmu, ya zo duba Baba da ƙwaryar nono. Ina tsakar gida ina jin su. Cikin hira ya zaro wuƙarsa, ya miƙa wa Baba kuben, yana yi masa barka da fito da ƙarfen Maigida. Baba bai fara gani sosai ba tukuna. Da babban yatsa ya shafa. Ya sake shafawa. Ya bi ɗinkin da farce, ɗinkin da shi ya koya mini. Ya mayar wa baƙon kayansa, suka gama gaisawa lafiya lau, ya sa aka raka shi. Sa'an nan ya kira ni.

Na yi zaton faɗa zai yi, na ma shirya amsoshina. Bai yi ba.

"Ina ƙarfen?"

"Yana gida."

"Ɗauko. Ka zo da babur."

Na ce likita ya hana shi shiga rana. Ya ce likita bai ci tuwon gidan Maigida ba.

Muka kama hanya daga Ƙaraye zuwa Jajaye. Ana ta sussukar dawa a gefen hanya, mutane suna ɗaga wa Baba hannu, shi ko bai gan su ba. Ni kuwa ina ta addu'ar taya ta fashe.

Muka yi sallama, Goggo ta amsa daga ɗaki. Ta fito ta shimfiɗa tabarma tana faɗa, wai wane marar hankali ne ya fito da mai ciwon ido cikin wannan rana. Baba bai hau tabarmar ba. Ya jingina sandarsa da bango, ya lallaɓa da shanyayyiyar ƙafarsa ya durƙusa a ƙasa, ya cire hula. Mutum mai furfura, mai jikoki. Ban taɓa ganin kansa babu hula a gidan wani ba. Ni ma na zube a bayansa, na rasa inda zan sa idona.

"Yaya, na zo ne da laifi," in ji shi. "Abin da aka yi miki daga gidana ya fito. Ban sani ba, amma ɗana ne, don haka ni na yi."

Ya karɓi ƙarafan biyu daga hannuna ya ajiye a gabanta.

Goggo ta ce ya tashi don girman Allah, ya mayar da hularsa. Ya ƙi. Ta ɗauki ƙaramin ƙarfen ta juya shi a rana, tagullar tana ƙyalli. Ta jawo wani guntun fata daga kwandonta, ta tofa masa yawu, ta ɗora, ta buga da dutsen da take fasa goro. Ta kai fatar dab da ido.

"Ikon Allah," ta ce. "Haka yake fitowa ina yarinya. Har na manta yana da jijiya."

A nan na lura da kayan da ke cikin kwandon. Kube ne da alabe kusan goma, an gama ɗinke su tsaf, babu alama ko ɗaya a jikinsu. Ta ga inda nake kallo.

"Na daina bugawa," ta ce. "A ce ni na yi ƙarya, da sauƙi, ni wace ce. Amma a riƙa ɗaga ƙarfen Babana a kasuwa ana cewa jabu, wannan ba zan iya ba. Na naɗe shi na ajiye."

Sai ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗan nan, abu ɗaya zan tambaye ka. Da mahaucin nan ya nuna maka kuben, ka gane nawa ne?"

Baba yana durƙushe a gabana, ina kallon ƙeyarsa.

"Na gane, Goggo."

Ta gyaɗa kai. "To madalla da ba ka yi ƙaryar sau biyu ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da fura a kwano, ta dama da kanta ta ajiye mana. Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Baba ya ce in sha. Na sha, ludayi uku, ban san ɗanɗanonta ba. Da za mu tafi ta tura mana ƙarafan, ta ce mu tafi da abinmu, ba ta da wurin ajiye su. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, kuma a gaida matata da yara.

A hanyar dawowa Baba ya sa na tsaya a maƙera. Abokin nasa ya karɓi ƙarafan, ya damƙe su da awartaki, ya bi bakinsu da magagari har suka zama sumul. Na ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa masa. Ya ce ba komai, ai malamai ma suna kuskuren jimla. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Baba ya ɗora mini sharaɗi. Duk wanda ya tsaya a rumfa sai in faɗa masa da bakina cewa ganyen gyaɗa na gaskiya na Jajaye ne, nawa injin Kano ya yanka. Na faɗa, kasuwa bayan kasuwa. Na je har rumfar mahauta na sami mai muryar nan na faɗa masa a gaban abokansa. Wasu suka ce Allah ya kyauta. Wasu suka ce an dai yi sulhun cikin gida ne, an sa ni in rufa wa tsohuwa asiri. Gaskiyar da na zo da ita daga baya ba ta yi gudun ƙaryar farko ba. Baba ya aika wa Goggo sau uku yana roƙonta ta ci gaba da bugawa. Ta ce a bar maganar. Haka ta riƙa sayar da kube marar alama, a farashin na kowa, ga masu sayen da suka ragu. Duk kaka Baba yakan sa in kai mata dawa, takan karɓa ta sa albarka, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Shekara huɗu bayan haka ta rasu. Baba ya bi ta ba da daɗewa ba. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, bai kuma taɓa cewa in ƙera hatimi nawa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Bara na je kasuwar Rogo neman akuya. Na bi ta wurin wani mai tsofaffin kaya, sirdi da linzami da wuƙaƙe a shimfiɗe. Sai ga kube mai ganyen gyaɗa, fes, an ware shi gefe a kan ƙyalle. Tun daga nesa na gane ɗinkina. Can cikin tarkace kuma, tare da ruɓaɓɓun igiyoyi, ga wani mai ganye dushi-dushi.

Mai kayan ya ga na tsaya, ya ɗauko na kan ƙyallen da hannu biyu.

"Alhaji ka san kaya. Wannan aikin tsohon Jajaye ne, na asali, yanzu ba a samunsa."

Na nuna na cikin tarkacen. "Wancan fa?"

"Wannan ai na wata mata ne da ta riƙa kwaikwayonsa. In ka sayi wannan sai in ƙara maka da shi."

Na tsuguna na ce masa ya saurare ni. Na ce matar nan 'yar tsohon ce ta cikinsa, ƙarfen ubanta ta buga. Na ce wanda yake riƙe da shi ni na ɗinka shi a bayan ɗakina, da ƙarfen da na sa injin ya yanka mini a Kano, kuma ni ne na fara ce wa nata jabu. Ya saurare ni har na gama. Sai ya fashe da dariya, ya tafa, ya kira na kusa da shi.

"Zo ka ji sabon salon neman ragi! Alhaji, in kuɗinka ne bai kai ba ka faɗa, ba sai ka yi wa kanka ƙazafi ba."